Basel: Garin da Ake Komawa Gida ta Cikin Kogi

Idan tafiya ta kai ka Basel, birnin Suwizalan da ke kan iyakar Jamus da Faransa, ka leƙa bakin Kogin Rhine da yammacin lokacin zafi. Za ka ga ma'aikata sun cusa tufafi da waya cikin Wickelfisch, wata jaka mai siffar kifi da ruwa ba ya ratsa ta, sun faɗa kogin yana jan su zuwa unguwanninsu.

Cikinsu akwai Jamusawa. Sama da 300,000 ne ke zaune a Suwizalan, wasu kuwa kamfanonin magunguna irin su Roche da Novartis suka kawo su Basel. Bajamushen yakan je ofis a keke, ya duba sanyin ruwan a waya kafin ya shiga, agogon hannunsa yana ƙirga bugun zuciyarsa. Sai dai kogin na da ƙarfi, jiragen dakon kaya suna bi. Wanda bai ƙware a iyo ba, kallo ne nasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Su sun saka nasu cikin hanyar aiki. Kai fa, ina naka yake?