Jikar da Ta Zaɓi Gida

Masu iya magana sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba su faɗa mana abin da jika kan gada ba. Ita dai Ashleigh Plumptre ƙasa ta gada. An haife ta a birnin Lesta na Ingila a 1998, can ta tashi, har ta buga wa ƙungiyoyin matasan Ingila ƙwallo. Kakanta na wajen uba ɗan Nijeriya ne, kuma da wannan igiya ta riƙe ta nemi sauya sheƙa. Hukumar FIFA ta yarje mata, ta fara sa koriyar rigar Super Falcons a 2022.

Ranar gwaji ta zo a watan Agustan 2023, lokacin da gasar cin kofin duniya ta haɗa Nijeriya da Ingila a ƙasar Ostareliya. Da yawanmu mun zura ido mu ga ko gwiwarta za ta yi sanyi a gaban ƙasar haihuwarta. Ina! Ita ce ma ta narka wata ƙwallo da ta daki ƙarfen raga. An tashi babu ci, Ingila ta tsira a bugun fenareti da 4 da 2. A 2025 kuma tana cikin waɗanda suka doke Maroko da 3 da 2 a Rabat, suka ɗauko kofin Afirka na goma. Muka yi ta tafi, muna cewa tamu ce.

To, a nan ne mu malaman makaranta zuciyarmu kan sosu. Kowace shekara muna yaye ɗalibai waɗanda a garin nan aka yanke musu cibiya, Hausar nan suka buɗe baki da ita, amma idan suka je neman takardar shaidar asali don samun gurbin karatu, sai a tambaye su garin kakansu, a ce can za su nema. Wato kakan da ya buɗe wa Ashleigh ƙofa, shi ne ya rufe wa waɗannan tasu. Wasunsu ko hanyar garin ba su sani ba.

Ba ƙyashi muke yi mata ba, domin ta biya da guminta. Tambayarmu ita ce, sai yaro ya ciyo mana kofi kafin mu yarda namu ne?

'Yan'uwa marubuta, ga labari nan kwance a ƙofar gidanmu. Mun cika littattafai da soyayya, alhali yaron da garinsu ya ƙi amsa sunansa bai sami mai ba da labarinsa ba. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar alƙalami.