Hanyar Filinge: wace ce macen, wane ne namijin?



Wadda ba ta taɓa zuwa ƙasar Kurfey ba, ga hanya. Daga Yamai mota za ta yi arewa maso gabas, ta ratsa Baleyara mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi, ta wuce Bonkuku, sannan ta sauke ki Filinge, babban garin Kurfeyawa cikin jihar Tilaberi. Tafiyar ta kai kusan kilomita 180. Daga Baleyara hanya na bin kwarin Dallol Boso, tsohon gulbi da ya ƙafe tun kaka da kakanni, amma ruwansa na kwance ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa za ki ga goriba da gawo da garake, ga gonakin gero da wake. Arewa da garin kuma akwai Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak.

Ƙasar kiwo ce, amma mu mata ba da saniya muke farawa ba. Tun da ƙungiyar CARE ta kafa tsarin Mata Masu Dubara a Maradi cikin 1991, rancen farko da mace ke ɗauka cikin asusu ƙarami ne, kuma sau da yawa kan kaza ko zabuwa ko tattabara yake ƙarewa. To a nan gizo ke saƙa. Zakara da kaza ko yaro ya san su. Zabi da tattabaru fa? Kama da wane ba ta wane. In kika kwaso zabi biyar, huɗu suka zamo maza, damina za ta wuce ba ƙwan kirki, ga ranar biyan rance ba ta jiran kowa.

A kasuwar Filinge, wajen masu kaji, na zauna kusa da wata dattijuwa da ta zo da zabi daga ƙauye. Na ce, "Inna, yaya ake gane macen?" Ta ce, "Ɗiyata, kunne ke saye, ba ido ba." Gaskiyarta. Kukan zabuwa gaɓa biyu gare shi, tana ta maimaita shi. Na namiji gaɓa guda ne, kyat-kyat-kyat. Macen kan yi irin kukan namiji in ta firgita, amma namiji ba ya taɓa yin nata. Daga wata 2 da ƙyanƙyasa ake fara jin bambancin. In sun girma kuma, ƙahon kan namiji ya fi tsawo, jan naman da ke reto gefen bakinsa ya fi faɗi. Namiji guda ya ishi mata 4 ko 5. Ƙwan zabuwa na yin kwana 26 zuwa 28 kafin ya ƙyanƙyashe, kuma kaza ta fi ta iya kwanci da riƙon tsaki.

Tattabara kuwa halinta ake kallo. Namiji shi ne mai kumbura wuya, yana guɗa, yana juyi da jan wutsiya ƙasa. Ƙwai 2 macen ke yi, su yi kwanci na wajen kwana 18, namiji da rana, mace da dare. In kika ga ƙwai 4 cikin gida guda kuma ba su ƙyanƙyashe ba, to mata biyu kika haɗa.

Yanzu ga sabon yayi da wasu ƴan matanmu ke tambayata. A birane irin Yamai ana sayar da ƴan ƙananan aku cikin keji, masu zama biyu-biyu manne da juna, ana ce musu tsuntsayen soyayya. Asalin wasu Tanzaniya, wasu Namibiya. Waɗannan mace da namiji launinsu ɗaya. Kuma kar zaman soyayyar ya ruɗe ki: mata biyu ma kan manne haka, maza biyu ma haka. Macen kan yi ƙwai 4 zuwa 6, ta kwanta wajen kwana 23. In ƙwai suka yi yawa fiye da haka kuma ba ɗa, duk mata ne. A irin na Namibiya, mai jan fuska, macen ce ke yayyanka takarda ko ganye siri-siri ta soke cikin gashin bayanta ta kai sheƙa. Masu laluben ƙashin gindi suna cewa na mace ya fi buɗewa, amma wannan kan ci amanar mai saye. Tabbas sai ƙwai, ko awon gashin tsuntsu a ɗakin bincike.

Akwai wasu masu doguwar wutsiya, ƴan asalin Ostireliya, da ake haɗa su cikin wannan suna. Su da sauƙi: fatar saman baki ta babban namiji shuɗiya ce, ta mace ruwan ƙasa. Tsiriyarmu ta daji ma namiji ke da zobe a wuya, amma sai ya girma yake fitowa.

Shawarata ga ƙungiyoyi uku ce. Kar a yi cinikin biri a sama: a tsaya a ji kuka, a kalli hali, ko da za a yini. A tafi kasuwa da wadda ta daɗe cikin kiwo. Tsuntsun ado kuwa, kar a zuba masa kuɗin asusu sai an san mai sayensa, don a Kurfey ƙwan zabuwa ba ya kwana kasuwa, amma ɗan aku sai ɗan birni.

Allah ya sa albarka cikin asusunmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.