Kwana Guda a Gundumar Lowndes: Inda Manoma Suka Fid da Gwaninsu

Daga Selma zuwa Montgomery, babban birnin jihar Alabama ta Amurka, tafiyar kilomita 87 ce a kan babbar hanya mai lamba 80. Matafiyi a mota kan cinye ta cikin sa'a guda, kuma da wuya ya ga dalilin tsayawa: filayen kiwo ne, da itatuwa, da ƙananan majami'u jefi-jefi. Ni ma da na wuce abina, ba don wani abokin aiki da muka haɗu a taron malaman jami'a ya ce mini, in dai siyasar talaka nake son gani da idona, to in tsaya a tsakiyar hanyar. Wannan tsakiyar ita ce gundumar Lowndes.

Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, mai albarka, kuma saboda ita aka tara bayi a nan don noman auduga. Bauta ta ƙare a 1865, amma shekara ɗari bayan haka jikokin bayin suna nan suna noma gonakin jikokin iyayen gijinsu, a raba amfani a ƙarshen kaka, rabon da kullum yakan bar manomi da bashi. A farkon 1965, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen gundumar baƙaƙen fata ne, amma babu ko mutum guda daga cikinsu da sunansa ke cikin rajistar masu zaɓe.

Na fara yada zango a White Hall, inda gwamnatin tarayya ta gina gidan tarihi a bakin hanya. A filin nan ne iyalan da masu gonaki suka kora saboda sun yi rajista suka kafa tantuna a ƙarshen 1965, wasunsu suka shafe kusan shekara biyu a ciki, cikin sanyi da ruwan sama, har da masu juna biyu. Na daɗe ina kallon hotunansu. Mutumin da ya sa sunansa a rajista ya san da safe zai iya rasa gona da ɗakin kwana, ya kuma je ya sa.

Yadda aka kai su ga wannan ƙarfin hali shi ne abin da ya kai ni can. A watan Maris na 1965, wani ɗan gundumar mai suna John Hulett ya jagoranci mutane ƙalilan zuwa ofishin rajista a Hayneville, aka kore su. Da suka koma, mutum biyu kacal aka yarda sun ci jarrabawar karatu da ake gindaya wa baƙaƙe, shi Hulett da wani makahon mai wa'azi. A cikin watan ne masu tattakin Selma suka ratsa gundumar a ƙafa, wasu matasa 'yan ƙungiyar ɗalibai ta SNCC, ciki har da Stokely Carmichael, suka tsaya ba su wuce ba. Ba su da kuɗin rabawa. Gida-gida suke bi, su zauna a barandar manomi, su taya shi aiki, su ci abin da ya ci, su sake dawowa gobe. Daren Lahadi kuma a taru a majami'a, a ji wanda aka kora, a tara masa gudummawa, a sa ranar komawa layin rajista.

Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta 1965, aka soke jarrabawar, jami'an tarayya suka zo suka yi wa ɗaruruwan mutane rajista. Sai wata tambaya ta taso: ga ƙuri'a ta samu, wa za a jefa wa? A Alabama ta wancan zamani jam'iyyar Dimokurat ce ke cin kusan duk zaɓen muƙaman jiha da na gunduma, saboda haka zaɓen fid da gwaninta shi ne ainihin zaɓe. Alamarta farin zakara ne, an kuma daɗe ana rubuta taken fifikon farar fata a samansa. Shugabanninta na gundumar suka ɗaga kuɗin tsayawa takara daga dala 50 zuwa dala 500, abin da manomi ba ya tarawa ko da ya shekara yana tsimi.

Dokar jihar ta yarda mutanen gunduma su kafa jam'iyyarsu ta gida, su kuwa suka yi amfani da wannan ƙofa. Suka ɗauki baƙar damisa ta zama alamarsu, domin wanda bai iya karatu ba ya gane inda zai sa hannu. Hujjarsu ita ce damisa takan ja da baya har sai an ƙure ta, daga nan kuma sai ta juyo. Daga gare su ne matasan Oakland suka ari alamar a watan Oktoba na 1966, ta yi suna a duniya, aka kusa mance asalinta.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na malami shi ne karatun da suka yi. Sun buga ƙananan littattafai masu zane suna bayyana aikin kowane muƙami: me shugaban 'yan sandan gunduma ke yi, wa ke ƙiyasta haraji, wa ke karɓarsa, me hukumar makarantu ke da iko a kai. Suna so mai zaɓe ya san abin da zai bi bashi, ɗan takara kuma ya daina ganin kujerar ta fi ƙarfinsa.

Da azahar na isa Hayneville, ƙaramin gari mai dandali guda da farin ginin kotu na tun kafin yaƙin basasa. Kusa da dandalin ne aka harbe Jonathan Daniels, ɗalibin tauhidi farar fata, ranar 20 ga Agusta 1965, sa'ad da ya kare wata yarinya baƙa, Ruby Sales, da jikinsa. A wannan kotun aka wanke wanda ya harbe shi. A wannan garin kuma, ranar 3 ga Mayu 1966, ranar da Dimokurat ke nasu zaɓen fid da gwani, mutum kimanin 900 suka taru a harabar wata majami'a, bayan an hana su filin kotu, suka zaɓi 'yan takara bakwai daga cikinsu. Yawancinsu ranar suka fara jefa ƙuri'a a rayuwarsu.

A babban zaɓe na watan Nuwamba duk bakwai ɗin suka faɗi. Masu gonaki sun kwaso manomansu a manyan motoci har rumfar zaɓe, sun nuna musu inda za su sa hannu, tsoron kora kuma ya yi aikinsa. Ba su watse ba. A 1970 John Hulett ya ci kujerar shugaban 'yan sandan gundumar, mutumin da shekara biyar kafin nan aka kora daga ƙofar ofishin rajista.

Ba zan ce ƙuri'a ta warkar da Lowndes ba. Mutanenta yau ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba, tana cikin gundumomi mafi talauci a Amurka, kuma har yanzu akwai gidajen da ruwan ban-ɗakinsu ke malala a bayan gida saboda ƙasar ba ta shan ruwa, kuɗin gyara kuma babu. Amma tantunan sun tashi, kuma masu riƙe da kujerun gundumar yanzu sun san wa ya ɗora su.

A hanyar Montgomery na yi ta tunanin namu zaɓen fid da gwani, wanda sau da yawa 'yan daliget ƙalilan ke kammalawa a rufaffen ɗaki, talaka ya ji sakamako a rediyo, sannan a kira shi ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda bai san yadda aka fito da su ba. Manoman Lowndes sun fara ne da tambayar wane ne ke fid da ɗan takara, kuma ta wace ƙofa doka ta bar musu su shiga. Ɗalibanmu da ke kukan ƙuri'arsu ba ta da amfani, ina ganin daga nan ya kamata su ma su fara.