Waɗanda Suka Ƙi Yin Shiru A Kan Ciwon Ƙanjamau

 A darasin kiwon lafiya an koya mana yadda ake kamuwa da ƙwayar cutar HIV da yadda ake kauce mata. Amma akwai tambayar da ba a cika yi a aji ba: yaya aka yi maganin da a da sai mai hannu da shuni ke iya saya ya zama abin da talaka yake karɓa kyauta a asibiti? Da na bi labarin, sai na tarar yawancin aikin marasa lafiyar ne da kansu suka yi shi, su da danginsu da ƙungiyoyin da suka kafa.

Abin ya soma ne a Amurka. A shekarar 1983, waɗansu masu fama da ciwon suka hallara a birnin Denver, suka rubuta takarda cewa duk inda za a yanke shawara a kansu, tilas a zauna da su. A 1987 aka kafa ƙungiyar ACT UP a New York. Maganin farko, wato AZT, ya fito a wannan shekara, kuɗinsa kuwa wajen dala 10,000 ne a shekara ga mutum guda. 'Yan ƙungiyar suka dinga tare tituna, a 1988 kuma suka kewaye ofishin hukumar da ke ba da izinin magunguna, har aka gajarta lokacin da sabon magani ke ɗauka kafin ya isa hannun majiyyaci. A 1987 ɗin nan dai, a Kamfala ta ƙasar Uganda, Noerine Kaleeba, wadda ciwon ya kashe mijinta, ta haɗa kai da waɗansu abokanta suka kafa ƙungiyar TASO. Su jinya da ta'azantarwa suka sa a gaba, a lokacin da ko 'yan'uwa gudun majiyyaci suke yi.

Na san wannan gudun. Sa'ad da nake ƙarama, a garinmu ba a kiran sunan ciwon da ƙarfi, sai a sunkuyar da kai a ce "kabari kusa". Mutum yana kwance a ɗakin baya, an ware masa kwanonsa da moɗarsa. Waɗansu iyayenmu na zumuntar mata ne kawai ke shiga da kunu, su wanke shi, su yi masa addu'a. Magani kuwa babu.

Alhali kuwa akwai shi a duniya. Tun 1996 likitoci suka nuna cewa idan an haɗa magunguna uku ana danne ƙwayar cutar, mutum ya tashi ya koma aikinsa. Mace-mace suka ragu ƙwarai a Turai da Amurka, amma a Afirka, inda masu cutar suka fi yawa, tsadar magani ta hana. A nan ne labarin Afirka ta Kudu ya fi taɓa zuciyata. Ran 10 ga Disamba 1998 aka kafa ƙungiyar TAC a Cape Town domin neman magani ga kowa. A cikin wannan wata aka kashe wata mata mai suna Gugu Dlamini kusa da Durban, don kawai ta fito fili ta ce tana ɗauke da cutar. Duk da haka 'yan ƙungiyar suka riƙa sa riguna masu rubutun cewa suna da HIV, masu ita da marasa ita. Jagoransu Zackie Achmat yana da halin samun magani, amma ya ƙi sha har sai an yarda za a ba talakawa a asibitocin gwamnati. Sai a 2003 ya fara sha. Ku yi tunani, wa zai iya wannan a cikinmu?

Kamfanonin magani 39 sun kai gwamnatin ƙasar ƙara saboda dokar da za ta sauƙaƙa shigo da magani mai araha. Ƙungiyoyi a ƙasashe da dama suka yi musu caa, kunya ta ishe su, suka janye ƙarar a watan Afrilu 2001. A farkon wannan shekara kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar wa ƙungiyar likitoci ta MSF haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, wato bai kai dala ɗaya a rana ba. A Nuwamba kuma, a birnin Doha, ƙasashen ƙungiyar ciniki ta duniya suka amince cewa haƙƙin mallakar magani ba zai hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba. TAC ba ta bar gwamnatinta ma ba: a 2002 ta yi nasara a kotun tsarin mulki, aka tilasta ba mata masu ciki maganin nevirapine don kare jarirai.

Daga titi sai suka shiga zauren shawara. Hukumar UNAIDS, wadda ta fara aiki a 1996, ta ba ƙungiyoyin sa-kai kujeru biyar a majalisarta, ko da yake ba su da ƙuri'a. A ganina wannan kamar a gayyace ka biki ne a hana ka sa hannu a akushi. Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, ya fi kyautawa, domin wakilin masu fama da cututtukan ya sami ƙuri'a daidai da ta wakilan gwamnatoci. A 2003 Amurka ta buɗe shirin PEPFAR da dala biliyan 15 na shekara biyar, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da aka fara da su.

Ga abin da ke damuna. A Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Ƙalilan ne suka cika. Muka jingina da taimakon waje, har zuwa Janairu 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta, aka rufe wuraren ba da magani da gwaji a ƙasashe da dama. Akwai wata baiwar Allah da na sani, tana sayar da hatsi a kasuwa, ta fi shekara goma tana shan ƙwaya ɗaya kowace rana, 'ya'yanta uku duk lafiyarsu lau. Da ta ji labarin a rediyo, sai ta zazzage kwalbarta a kan tabarma ta ƙirga abin da ya rage, sa'an nan ta ɗauki gyalenta ta nufi taron ƙungiyarsu ta masu ɗauke da cutar, don ta ji ko an tsai da wanda zai je ya yi magana da hukuma.