Daga Garki Zuwa Kwali

Da hantsi na tashi daga Garki, na bi ta gaban cibiyar al'adu da aka raɗa wa sunan Cyprian Ekwensi, marubucin nan da aka haifa a Minna a 1921. Haka muke karrama masu alƙalami a nan: da suna a goshin gini. A Masko tun 1880 mutum-mutumin Pushkin ke tsaye a tsakiyar birni, masoya waƙarsa na ajiye masa furanni. Mu a Arewa addini bai sake mana da sassaƙa surar mutum ba, don haka Sa'adu Zungur zauren taro ya samu a Gidan Mambayya a Kano, kuma ni dai ban ga aibun hakan ba.

Daga Gwagwalada muka hau hanyar Lokoja, tireloli na ta sheƙa gudu, masu doya sun jera tsibi-tsibi a bakin titi. Ba a jima ba sai ga Kwali, ƙasar Gbagyi, garin da ya ba Ladi Kwali suna.

Ita ba da tawada ta yi nata rubutun ba, da yumɓu ta yi. A hannun gwaggonta ta koyi ginin tukwane, tana murza laka tana ɗora ta zobe kan zobe, tana zagaya tulun da ƙafa har ya tashi. A jikinsa sai ta zana kunama, ƙadangare, kifi, kada. A fadar Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, Baturen nan Michael Cardew ya ga aikinta, kuma a 1954 ta shiga makarantarsa ta ginin tukwane, mace ta farko da aka ɗauka. Daga nan sai Landan, sai Amurka, manyan masana na zaune suna kallon hannunta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984.

A gindin wata bishiya na nuna wa wata dattijuwa bayan takardar naira ashirin, inda hoton Ladi yake. Na ce, "Mama, kin san wannan?" Ta ce, "Yo ɗana, ai tamu ce." Raina ya yi fari, sannan ya sosu, domin ashirin ɗin ma yau ba ta sayen ruwan leda a wurare da dama, yara sun fara daina ganinta.

Abin da nake wa Kwali fata shi ne ɗaki guda mai kyau, a tara tulunan Ladi na gaske a ciki, a zaunar da matan da har yau hannunsu ke cikin laka su koya wa 'yan makaranta, a biya su haƙƙinsu. Wasu daga cikin ayyukanta suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, kuma yawancin 'ya'yan garinta ba za su taɓa zuwa can ba.