Abin da ke faruwa kafin main

Sau da yawa ana ce mana Hausa ba za ta iya ɗaukar zancen cikin kwamfuta ba, shi ya sa muka ɗauko ɗaya daga cikin masu tsauri a wannan makon.

Duk wanda ya yi darasin C a kwalejin kimiyya da fasaha an koya masa cewa manhaja daga main take farawa. A Linux kuwa, _start ne ke fara tashi, daga fayil ɗin crt1.o, ya kira __libc_start_main, sannan a bi wani jeri mai suna .init_array ana gudanar da ayyukan share fage ɗaya bayan ɗaya. Sai an gama a shiga main.

Mai gina jerin shi ne linka, wanda mu muka fi son kira mahaɗi, domin aikinsa ke nan: kowane fayil ya zo da guntun jerinsa, shi ya ɗinke su wuri guda. A nan haɗarin yake. Harshen C++ bai yi alkawarin wane fayil za a fara shiryawa ba. Idan wani abu a fayil na farko yana buƙatar na fayil na biyu, kuma ba a kai gare shi ba tukuna, manhajar na iya faɗuwa tun kafin layin farko na main. Ka sauya yadda ka jera fayilolin wajen haɗawa, ka ga ta tashi lafiya. Mai neman irin wannan matsalar sai ya kwana yana duba inda ba ta nan.

Haka batun kurakurai. Idan manhaja ta jefa kuskure, dole a bi sawun ayyukan da suka kira juna, a koma baya har a sami mai cafkewa. Taswirar komawar tana cikin .eh_frame, mahaɗi kuma yana ƙara .eh_frame_hdr, jeri a tsare, don kada a tsaya karanta taswirar tun daga farko.

Abin da ya fi burge mu shi ne KEEP. Idan aka umarci mahaɗi da --gc-sections ya zubar da duk abin da ba wanda ke kira, .init_array na cikin hatsari, don ba mai kiransa da suna. Shi ya sa a rubutun umarnin GNU ld ake sa shi cikin KEEP, a ce masa wannan kada ka taɓa.