Hayar Girgije: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Galibin manhajojin da ke wayarka suna dogara ne da wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Ƙananan kamfanoni ba su cika sayenta ba, haya suke yi wurin Amazon ko Microsoft ko Google. Wannan shi ne girgije, kuma da dala ake lissafin kuɗinsa, awa-awa.

Na ga nauyin wannan haya a wani ƙaramin kamfanin manhaja da ke Wuse, Abuja, inda na yi aikin fassara. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Aiki bai ƙaru ba, amma haya ta ninka uku, har albashinmu ya fara tangal-tangal.

Dabarar da ta cece mu ba ta da wuya. Mako awa 168 ne, aikin ofis kuwa awa 40, sai aka riƙa kashe kwamfutocin gwaji da dare da ƙarshen mako. Tsofaffin bayanai aka mayar da su rumbu mai rahusa. Aka kuma sa saƙon gargaɗi ya shigo da zarar kuɗi sun kusa iyaka.

A 2025 Amazon ya fara karɓar naira, amma tushen farashin yana nan a dala. Saboda haka duk ɗalibin da ke burin ɗora ƙamus ko adabin Hausa a intanet, ya haɗa nahawu da lissafi, don kada haya ta cinye jari.